Ranar da Muka Zura Tocila a Rijiya

Jiya da hantsi na bi ta Sama Road, na tarar ana kwashe lambatu tun kafin ruwan sama ya sauka. Samari sun tara baƙar laka a gefen kwalta, cike da ruɓaɓɓen ganye da tsofaffin ledoji. Masu wucewa suna toshe hanci suna ƙara sauri. Ni kuwa da warin ya buge ni sai na tsaya cik, har wani mai babur ya daka mini tsawa in kauce. Na san warin nan tun ina yaro. Warin gindin tsohuwar rijiya ne, kuma duk ranar da na ji shi sai ƙirjina ya yi nauyi kamar an aza mini buhun gero.

Mai karatu, ka yi haƙuri da ni, a hankali nake rubutu. Da furfura a gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yanzu kuma akwai baƙaƙen da sai na tsaya na yi tunani kafin in sa su. Sana'ata ɗinkin guga ce, irin wadda ake yankawa daga tsohuwar robar cikin tayar mota. Amma asalin gidanmu gidan masu haƙa rijiya ne da yasarta. Yasa ita ce mutum ya sauka cikin rijiya ya kwashe laka da shara da duk abin da ya toshe idon ruwa. Kakana ya yi wannan aiki, mahaifina ya yi, ƙanen mahaifina da muke kira Baffa shi ma ya yi. Ni ne na fara tsallakewa, kuma dalilin tsallakewar nake son in ba ka.

A garin nan bazara ce lokacin aikinmu. Ka san bazarar Sakkwato: tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, ƙadangare ya laɓe a gindin bango bakinsa a buɗe, randa ta yi ɗumi kamar an ɗora ta kan murhu. A lokacin ne ruwan rijiyoyi yake ja baya, guga ta riƙa dawowa da rabin laka, sai a fara sallama a ƙofar gidanmu. Muna fita tun da sanyin safiya. Baba yana gaba da igiyoyi biyu a kafaɗa, ɗaya ta guga, ɗaya ta mutum. Baffa yana ɗauke da gungumen giginya da ake gittawa a bakin rijiya, da ƙugiyar ƙarfe mai yatsu uku ta ciro gugar da ta faɗa. Kaka yana baya da sandarsa. Ya daina sauka tun kafin in yi wayo, amma ba a taɓa fara aiki ba sai yana zaune a bakin rijiyar.

Ni kuma fitila ce a hannuna. Aci-balbal ce ta gwangwani, a zaune cikin wani ƙaramin kwano da aka huda wuri uku aka ɗaura masa zare mai tsawo. Tun ina wajen shekara goma aka danƙa mini ita. Ni ke zuba mata kananzir, ni ke gyara lagwani, ni ke riƙe ashana a cikin hulata don kada gumi ya jiƙa ta. Kaka yakan ja kunnena da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Aboki, ran da kab bari ta kwana da yunwa, na aure matakka tun ba ka gan ta ba."

Ga amfanin fitilar. Idan aka buɗe rijiya, babu mai sa ƙafa sai an kunna ta an zura ta a hankali, hannu bayan hannu, kowa ya yi shiru yana kallo. In ta kai har fuskar ruwa tana ci da kyau, Kaka ya ce bismillah, Baba ya ɗaura igiya a ɗamararsa ta fata ya sauka. In kuwa harshen wutar ya fara ƙanƙancewa a hanya har ya mutu, to ranar babu aiki ko da mai gida zai yi kuka. Sai a sassaro ɗanyun rassan dogon yaro, a ɗaure su dami guda, a riƙa zurawa ana jawowa har kafaɗu su gaji. A bar rijiyar a buɗe kwana ɗaya ko biyu, a dawo a sake gwadawa.

Kaka bai taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin da kowa yake faɗa a unguwa shi ne rijiya tana da masu ita, mutanen ɓoye, kuma in ba su son baƙo sai su hure fitila. Baba ya yarda da haka, Baffa ya yarda, ni ma haka na sani. Shi dai Kaka in wuta ta mutu sai ya karkaɗe rigarsa ya ce rijiyar ba ta shirya ba.

A bazarar da nake ba ka labari, Baffa ya sayo tocila a kasuwa. Saurayi ne a lokacin, bai yi aure ba, duk sabon abu yana ɗaukar idonsa. Doguwa ce fara mai walƙiya, batir uku take ci. Tun da na gan ta hankalina ya bar jikina. In Baffa ya fita sai in shiga ɗakinsa in rufe ƙofa, in haska rufin azara, in danna ta a tafin hannuna in ga yatsuna sun yi ja kamar garwashi. Aci-balbal ɗina ta koma mini abin kunya, mai hayaƙi da baƙin gindi.

Sai wani Alhaji mai sayar da hatsi a Tudun Wada ya aiko. Yana da tsohuwar rijiya a tsakar gida, wadda ya rufe da tsohon kwanon rufi da duwatsu tun da aka ja masa famfo, shekaru ke nan. Yanzu famfo ya ɗauke kwana da kwanaki, gida kuwa cike da mata da yara. A daidai lokacin Kaka ya tafi Wamakko gaisuwar rasuwar wani amininsa, ya ce a jira shi ya dawo ranar Asabar. Alhaji ya aiko ranar Laraba, ya sake aikowa ranar Alhamis, ya ce yara ko wanka ba su samu. Baba mutum ne da ba ya iya cewa a'a idan aka ambaci yara. Da safiyar Juma'a muka tafi mu uku, da niyyar a gama kafin a tafi masallaci.

Wani ƙaton dogon yaro ne a kan rijiyar, inuwarsa ta rufe rabin gidan. Kwanon rufin ya ci tsatsa ya huhhuje, ganye yana ta zuba ciki duk tsawon shekarun nan, ga ƙaiƙayi da shara da tsintsiya take kai wa wajen. Da aka ɗaga kwanon sai warin nan ya taso, mai ɗumi, mai nauyi. Baba ya gitta gungume, ya juyo gare ni ya ce in kunna.

Na girgiza fitilar, ban ji motsin komai ba. Ranar Alhamis da yamma ina ɗakin Baffa ina wasa da tocila, na manta ban zuba kananzir ba. Na ƙyasta ashana duk da haka. Lagwanin ya kama, ya yi hayaƙi, ya mutu a hannuna. Alhaji ya buɗe baki zai aika cikin gida a nemo kananzir, kuma da na yi shiru da an kawo. Amma tsoron mari ya kama ni, sai na zura hannu cikin jakar kaya na zaro tocilar, wadda na ɓoyo ba da sanin mai ita ba.

"Ga wannan, Baba. Ta fi haske."

Baffa ya fashe da dariya. "Ashe kai kas sace ta, ɓarawon zaune! Tun asuba nika biɗa tata." Ya karɓa ya kunna, ya dubi Baba. "Yaya, ai yaron ga ya yi dabara. Wagga ta hi waccan nesa. In sun isa su hure ta mu gani."

Na ga Baba ya dubi tocilar, ya ɗaga kai ya dubi rana da ta fara hawa, ya dubi yaran gidan da suka jeru da bokitai.

"Haske dai anka ce a zura," in ji shi. "Ɗaura ta."

Aka ɗaura ta da zaren fitila aka zura. Ta sauka tana juyawa, haskenta yana zagaya bango, ko ƙyaftawa ba ta yi ba har ƙasa. Ban taɓa ganin gindin rijiya sarai irin na ranar ba. Ga baƙar laka, ga ganye jibge, ga wani tsohon wasaki, gugar fata irin ta da, ga guntun icce a kwance. Alhaji ya leƙa ya ce ikon Allah, zamani ya zo da sauƙi. Aka bar ta a rataye can ƙasa don Baba ya ga abin da yake yi.

Akwai wata al'ada tamu. Na sama yakan riƙa tambaya, "Kana nan?" na ƙasa ya amsa, "Ina nan," tun daga sauka har fita. Baba ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ɗamara, ya sauka yana taka ramukan bango. Baffa yana tambaya yana amsawa. Da ya kai ƙasa muka ji ya ce akwai zafi. Muka ga ya kwance igiyar daga ƙugunsa don ya ɗaura wa guntun iccen a fara fitar da shi, kamar yadda ya saba. Sai ya ce a ja, amma muryar ba tasa ba ce, ta yi kama da ta mai magana cikin barci. Baffa ya ja. Igiyar ta taho sakayau, ƙullin bai ƙullu ba.

"Kana nan?"

Shiru.

"Yaya! Kana nan?"

Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar na leƙa. A cikin hasken tocilar na ga Baba zaune a laka, bayansa jingine da bango, haɓarsa a kan ƙirji, kamar wanda gyangyaɗi ya sace bayan cin tuwo. Tocilar tana ci fes a gefen kansa.

Baffa ya fizge rigarsa ya ɗora ƙafa kan gungume zai bi shi. Sai wata tsohuwa, mahaifiyar Alhaji, ta fito daga ɗaki ba ko mayafi, ta cafke wuyan hannunsa da hannu biyu. Ban san inda ta sami ƙarfin ba.

"Ɗan nan, in kas shiga, biyu za mu hiddawa. Na ga irin wagga ƙauyenmu, mutum ukku rana guda. Ina ƙugiyakku?"

Ta juya ta daka wa samarin gidan tsawa su hau icce su karyo rassa. Mata suka fara salati. Maƙwabta suka shigo da gudu. Wasu suna zura rassa ta gefe guda suna jawowa, Baffa yana ɗaya gefen da ƙugiya. Ya zura ta farko, ta kamo tsohon wasakin. Ya zage shi ya yar. Ya zura ta biyu, ta goge bayan Baba ta zame, na ga jini ya fito a layi, Baba ko motsi bai yi ba. Ni ina tsaye da busasshiyar fitila a hannu. Ina jin numfashina yana shiga yana fita, kowane ɗaya sai in ji kamar daga bakin Baba na ƙwace shi. Na gwada riƙe nawa ko zai rage masa, na kasa.

A ta uku ƙugiyar ta shiga ƙarƙashin ɗamarar fata. Dole in faɗi gaskiya, hasken tocilar nan ne ya sa Baffa ya ga inda zai saka ta. Maza shida ko bakwai suka kama igiya. Baba ya taho a naɗe, kai da ƙafafu suna reto, kowa yana addu'a kada fatar ta tsinke. Da aka shimfiɗa shi a inuwa leɓɓansa sun yi baƙi kamar ya ci ɗinya. Tsohuwar tana yi masa fifita da faifai, Baffa yana danna ƙirjinsa yana kiran Yaya, Yaya, kamar ƙaramin yaro. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai muka ji wani jan numfashi mai kama da minshari, sai tari, sai amai. Alhaji ya sa aka ɗauke shi a motar hatsi zuwa asibiti. Muna hanya aka yi kiran sallar Juma'a na farko.

Kaka ya dawo washegari. Ya saurari labarin duka daga bakin Baffa. Na jira ya doke ni, bai doke ni ba. Da la'asar ya zuba kananzir a fitilar da hannunsa, ya karɓi tocilar, ya kama hannuna muka koma gidan Alhaji mu biyu. Rijiyar tana buɗe tun jiya. Ya kunna aci-balbal ya miƙo mini zaren ya ce ni zan zura. Ta sauka lafiya har wajen rabi. Daga nan harshen ya fara ja da baya, ya koma kamar ƙwayar dawa, ya mutu, ba tare da ko iska ta kaɗa ba. Ya ce in zura tocilar. Ta kai ƙasa tana ci.

"To, aboki, wace ta gaya maka gaskiya?"

Na nuna aci-balbal, hawaye suna zuba.

"Wuta, abin da kaka shaƙa shi taka shaƙa. Inda tam mutu, kai ma mutuwa za ka yi. Wagga kuwa ba ta da hanci, mi za ta sani?" Ya daɗe yana kallon ramin. "Bar kuka. Laihina na. Na koya musu yi, ban koya musu dalili ba. Ni ma iyakar abin da nis sani ke nan."

Baba ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, amma ba duka ya fito daga rijiyar nan ba. Ciwon kai ya zame masa aboki. Yakan fara magana ya tsaya a tsakiya yana neman sauranta. Hannunsa na hagu yana rawa in ya ɗauki moɗa. Bai sake sauka ba, ya koma mai riƙe igiya, mutumin da a da ake kiransa har ƙauyuka saboda rijiyoyin da wasu suka ji tsoro. Ko sau ɗaya bai taɓa ambata mini kananzir ɗin nan ba, kuma da ya ambata da ya fi mini sauƙi. Inna, mahaifiyata, ta rantse ba zan shiga rami ba tana raye, ta kai ni wurin ƙanenta mai ɗinkin guga. Alhaji kuwa ya ce mutanen ɓoyen da ke kan dogon yaron ne suka yi wannan aiki. Ya sa aka sare shi, masu gidan burodi suka kwashe iccen, aka cike rijiyar da ƙasa.

Na girma da rabin sani. Na san wuta da mutum abu ɗaya suke shaƙa, amma ban san mene ne ba, ban san abin da ya cinye shi a cikin rijiyar ba, ban san daga ina sabo yake zuwa ba. Wanda bai san inda abu yake zuwa ba kullum yana tsoron ƙarewarsa. Har yau ba na iya zama a ɗakin da aka rufe taga. In na shiga motar haya sai na zauna bakin ƙofa. Matata ta gaji da yi mini dariya ta bari.

Bana ne, a ajinmu, na sami sauran rabin. Muna zama bayan la'asar a wani ajin firamare, gwiwoyinmu suna karo da teburan yara. Malaminmu matashi ne, sa'an ɗana. Wata rana muka zo shafin da aka zana icce da akuya da rana, da kibiyoyi suna zagaye. Ya ce iska ba abu ɗaya ba ce, gauraye take. A cikinta akwai wadda ake kira oksijin, ita mutum da akuya da kifi da wuta suke ja. Akwai kuma wani abu da ake kira kabon, wanda in kana son ganinsa da ido ka dubi gawayi. Yana cikin icce, yana cikin tuwo, yana cikin naman jikinmu. In mun ci tuwo, jiki yana ƙona shi a hankali da oksijin ba tare da harshen wuta ba, sai kabon ɗin ya haɗu da oksijin ya fita ta hanci. Ɗanyen ganye kuma, in rana tana dukansa, wannan iskar da muka fitar yake sha. Ya haɗa ta da ruwa, ya riƙe kabon ya gina icce da zangarniya, ya sako mana oksijin. Mu ci zangarniyar, a sake zagayowa.

Na ce ashe ke nan geron da na ci bana, wataƙila akwai numfashin jakin maƙwabcina a cikinsa. Wani tsohon direba da ke zama kusa da ni ya ce, "Wallahi na daɗe ina zargin haka, dibi yadda kaka tsayawa kan baƙi guda sati biyu." Aji ya kwashe da dariya, har da ni.

Da aka tashi na tsaya na ba Malam labarin rijiyar, karo na farko da na ba wani a wajen gidanmu. Ya zauna kan tebur ya saurara har ƙarshe. Ya ce, Dattijo, ganyen da ya faɗi ya daina bayarwa. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke cin sa, shi ne ruɓa, kuma su ma numfashi suke yi kamar mu. Shekara da shekaru suna jan oksijin a cikin rijiyar suna fitar da ɗayar. Babu rana a ciki, babu ɗanyen ganyen da zai mayar, ga murfi a sama. Iskar da aka riga aka shaƙa kuma ta fi nauyi, sai ta kwanta a ƙasa kamar yadda laka take kwanciya a gindin randa. Zagayen ne aka yanke shi biyu, rabin ci yana tafiya, rabin mayarwa ya tsaya.

Na tambaye shi rassan da muke zurawa. Na so ya ce su ne suke ba rijiya numfashi. Ya ce a'a, a cikin duhu ganye ba ya wannan aiki, kaɗawar ce take koro tsohuwar iska sabuwa ta shiga. Na ɗan ji ba daɗi, amma na karɓa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne dogon yaron. Duk shekarun da yake tsaye a rana yana ba gidan nan abin shaƙa, aka sare shi a kan laifin murfin kwano. Kabon ɗin da ya tara tun yana tsiro kuma ya koma sama a cikin 'yan kwanaki, ta bututun gidan burodi.

Tun daga ranar nake kallon garin nan da wani ido. Layin da na tashi a cikinsa akwai itatuwa a ƙofar kusan kowane gida, yanzu shaguna ne, kowane da janareto yana tari a bakinsa. Motocin icce da buhunan gawayi suna shigowa kullum daga daji, ban taɓa ganin mota ta fita da dashe ba. Na tambayi Malam ko wata rana garin zai zama kamar rijiyar Alhaji. Ya ce sama tana da faɗi, oksijin ba zai ƙare mana haka ba. Amma ɗayar, wadda muke fitarwa, tana ƙaruwa, saboda ana ƙonawa fiye da yadda ganye yake iya sha, kuma tana riƙe zafi kamar bargo. Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali yadda ya so ba.

Amma damuwata ta kusa ta fi wannan. Babban ɗana ya gama makaranta bai sami aiki ba, sai ya haɗu da abokansa suka koma sana'ar da aka tsallakar da ni. Suna yasar rijiyoyi da tankunan ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Da hasken waya suke leƙawa. Suna da injin jan ruwa mai shan fetur, wanda wasu suke zurawa har cikin ramin don tiyo ya kai, hayaƙinsa yana taruwa inda mutum yake tsaye. Na ba shi labarin kakansa da baki ya fi sau nawa. Yakan saurara da ladabi, kansa a ƙasa, ya ce, "To, Baba. Amma wancan zamanin dauri na."

Sai na zauna na rubuta masa a takarda. Sati guda na yi a kanta. Na rubuta a buɗe rami a bar shi ya sha iska. Na rubuta a zura wuta mai harshe kafin mutum. Na rubuta inji ya zauna a sama, igiya kada a kwance ta, in na ƙasa ya yi shiru kada kowa ya bi shi. Malam ya gyara mini baƙaƙe, ya sa na ƙara cewa ramin masai da duk inda ake jin warin fetur ba a kai musu wuta, don suna iya tashi da mutum, sai dai a buɗe a kora iska da fanka. Ita ce takarda ta farko da na taɓa rubuta wa wani. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta huɗu, ya tura ta bayan rigar wayarsa. Ban ga ya karanta ba.

Yau tun bayan sallar asuba ɗan nawa da abokansa suka tafi wani gida a wajen gari, rijiyar da aka ce ta daɗe a rufe. Ya ce zai dawo da azahar. Yanzu an yi la'asar, inuwar rumfata ta kai tsakiyar hanya, ko aji ban je ba. Na kira shi sau biyu, wayar tana shiga ba a ɗauka. Ya taɓa gaya mini cewa a gindin rijiya waya ba ta samun sabis. To in tana shiga, tana sama ke nan. In kuwa tana sama, ba da haskenta ya sauka ba, ko kuma shi ma yana sama, hannunsa duk laka, yana jin ta yana cewa tsohon nan ya cika damuwa. Na san lissafin nan yana da ramuka, amma shi nake riƙe da shi. Bari in ajiye alƙalamin in sake kira.